Windows 10 ta tsufa: wa zai ɗauki nauyin sauya ta a ma'aikatunmu?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar nan da ta shekara goma tana tafiyar da kwamfutoci a ma'aikatu da makarantu da asibitoci da shagunan buga takardu. Ranar ta zo ta wuce, babu kwamfutar da ta mutu. Wanda ya kunna tasa washegari ya tarar da ita yadda ya bar ta, takardunsa na nan, firinta na aiki, intanet na buɗewa. Wannan ne ma, a ganinmu, ya sa maganar ba ta tayar wa shugabannin ma'aikatunmu da hankali ba, domin mun saba auna lafiyar na'ura da tambaya guda: tana tashi ko ba ta tashi? In tana tashi, magana ta ƙare.

Alhali kuwa maganar ba ta ƙare ba. Babbar manhaja ita ce harsashin da duk sauran manhajoji suke zaune a kansa, kuma mutane ne suka rubuta ta, layi bayan layi har miliyoyi, don haka ba ta rabuwa da kurakurai. Wasu kurakuran ba su wuce su sa na'ura ta daskare ba, wasu kuwa ɓaraka ce da baƙo zai iya bi ya shigo daga wata duniya ba tare da ya taɓa ganin ginin ofishin ba. A ranar Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft yakan fitar da faci don toshe ɓarakar da aka gano. Abin da ya tsaya a watan Oktoban 2025 shi ne wannan facin na kyauta ga bugun Windows 10 da ke hannun galibin jama'a. A rana guda kuma aka daina yi wa Office 2016 da Office 2019 nasu facin.

Akwai wani ɓangare na lamarin da ba kasafai ake bayyana wa mai amfani da kwamfuta ba. Windows 11 ba daga sama ta faɗo ba, a kan gadon Windows 10 aka gina ta, kuma sun yi tarayya a sassa masu yawa. To duk watan da aka fitar da faci ga sabuwar, masu kutse sukan zauna su kwatanta yadda manhajar take kafin facin da yadda ta koma bayansa, su gane ainihin inda ramin yake, sannan su juya su neme shi a jikin tsohuwar, inda suka san ba wanda zai zo ya cike shi. Ke nan facin da ke kare mai sabuwar manhaja shi ne ke nuna wa ɓarawo hanyar gidan mai tsohuwar. Kowane wata ramukan ƙaruwa suke yi. Masu cewa ai sun sa manhajar kashe ƙwayoyin cuta su sani cewa maigadi suka ajiye a bakin ƙofa, ita kuwa katangar ce take tsagewa ta baya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba hasashe muke yi ba, an ga wannan a aikace. Ranar Juma'a, 12 ga Mayun 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Aikinta garkuwa ne da bayanai: ta kulle duk takardun da ke cikin na'ura, ta nemi fansar Dala 300 a kuɗin Bitcoin, in aka yi kwana uku ba a biya ba kuɗin ya ninka. Ba ta jiran wani ya latsa wani abu. Tana bin wata ɓaraka ce a tsohuwar hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil a tsakaninsu, ta tsallaka daga wannan zuwa waccan da kanta. Makamin da ta hau kansa, EternalBlue, an sato shi ne daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, aka watsa shi a intanet a watan Afrilun shekarar. Daga baya gwamnatocin Birtaniya da Amurka suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa.

Ta taɓa kamfanin sadarwa na Telefónica a Sifen, ta tsayar da aiki a masana'antun motoci na Renault da Nissan, ta ɓata allunan tashoshin jirgin ƙasa a Jamus. Amma inda ta fi yin ciwo shi ne asibitocin gwamnati na Ingila. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin ƙasar abin ya shafa, haɗe da ɗaruruwan ƙananan asibitocin unguwa. An soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, wasu asibitocin suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri, likitoci suka koma takarda da biro. A 2018 ma'aikatar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan Fam miliyan 92. Da ba don wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, ya yi katarin gano wani adireshin intanet da ke cikin manhajar ya yi masa rajista, abin da ya taka mata birki a ranar, da ɓarnar ta fi haka.

Abin da muke so mai karatu ya tsaya a kansa shi ne abin da binciken ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya bankaɗo daga baya. Tun 2014 aka rubuta wa asibitocin cewa su shirya barin Windows XP, wadda aka daina yi wa faci ranar 8 ga Afrilun shekarar. Gwamnati ta biya Microsoft Fam miliyan 5.5 don a ƙara mata shekara guda, shekarar ta cika, amma har 2017 akwai kusan kashi 5 cikin ɗari na kwamfutocin da ke kan XP. Sai dai kuma yawancin na'urorin da WannaCry ta kama ba XP ba ne. Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana cikin kulawar kamfanin, kuma facin da zai kare su ya fito tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin harin. An aika da gargaɗi a Maris, an sake aikawa a Afrilu. Ba a sa facin ba ne kawai, kuma ba wanda ke da alhakin bi ya tabbatar an sa.

Saboda haka duk shugaban da ya ɗauka cewa sayen sababbin kwamfutoci shi ne ƙarshen zance, bai karanci abin da ya faru a Ingila ba. Sabuwar manhajar da aka kashe mata sabuntawa ba ta da bambanci da tsohuwa. Wannan kuwa ya taɓa mu kai tsaye, domin kowa ya san abin da mai gyara yakan fara yi idan ya gama sa wa mutum Windows a shago: ya kashe sabuntawa, wai don kada ta cinye data, ko don kada kamfanin ya gane cewa ta jabu ce. Ita kanta ƙaramar manhajar da ake yaudarar lasisi da ita, daga wuraren da ba a san masu su ba ake sauko da ita, kuma sai an kashe tsaron kwamfutar kafin ta yarda ta zauna. Mutum ya buɗe ƙofa da hannunsa ga baƙon da bai san fuskarsa ba, ya kuma biya ladan aikin.

Mako shida bayan WannaCry, a 27 ga Yunin 2017, wata mai suna NotPetya ta taso daga Yukiren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ta hau kan EternalBlue ɗin nan dai, ta haɗa da satar kalmomin sirri, ta yadda na'ura guda mai ɓaraka ta isa ta jawo wa maƙwabtanta masu faci bala'i. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda reshensa ke tafiyar da tashar kwantena a Apapa, sai da ya sake girka kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana goma, ya kuma yi asarar da shugabansa ya ƙiyasta tsakanin Dala miliyan 250 da 300. Abin dariya a ciki, in akwai, shi ne kwafin da ya tsira na rumbun da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izininsu an same shi ne a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a can lokacin da cutar ke yawo. Sau ɗaya dai a tarihi ɗauke wuta ya yi rana. Ba ma ba kowa shawarar ya dogara da shi.

Wani zai ce, mu me muke da shi da za a sata? Wannan tambayar ta shekarun baya ce. Yau kwamfutar magatakardar kwaleji na ɗauke da sakamakon jarrabawar dubban ɗalibai, ta akanta na ɗauke da jadawalin albashi da lambobin asusun ma'aikata da lambobinsu na BVN da NIN, ta ɗakin ajiyar katin asibiti na ɗauke da cutar da mutum bai gaya wa ko matarsa ba, ta lauya na ɗauke da takardun gado da na filaye. Shagon buga takardu na bakin sakatariya kuwa, inda filashi hamsin ke shiga na'ura guda a yini, ya fi tashar mota haɗa baƙi. Kuma irin waɗannan manhajoji ba sa zaɓen mai kuɗi. Lalube suke yi a intanet, duk ƙofar da suka tarar a buɗe su shiga. Mu da muka san ɗacin kalmar kuɗin fansa fiye da yadda muke so, bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu ba.

Doka ma ta riga ta shigo cikin maganar. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan da suka dace don kare su, ya kuma sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ga manyan masu riƙe da bayanai tarar na iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Muna son ganin lauyan da zai tsaya gaban hukumar ya ce wanda yake karewa ya ɗauki matakin da ya dace, alhali bayanan suna kan manhajar da mai ita ya sanar tun shekaru kafin lokacin cewa zai daina kula da ita.

Ba mu jahilci inda gizo ke saƙar ba: kuɗi. Ga kwamfutar da ta cika sharuɗɗa kuma take da lasisi na gaskiya, hawa Windows 11 kyauta ne. Matsalar sharuɗɗan ne. Microsoft ya ce sai na'ura na da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta kasance Intel zubi na takwas zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, wato a taƙaice wadda aka ƙera daga wajejen 2018. Na'urori da yawa masu ƙoshin lafiya sun faɗi wannan jarrabawa. A ƙarshen 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara a dalilin haka. Muna da ƙorafi a kan wannan hukunci na Microsoft, domin ya tsufar da na'urorin da ba su tsufa ba, kuma talakawan duniya ne za su biya. Amma ƙorafinmu ba zai toshe ɓaraka ko ɗaya ba.

Kuma ba sai an yi duba ba kafin a san inda kaso mai tsoka na waɗannan na'urori zai dosa. Abin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, kwantena ke kawo shi Legas, daga nan ya hau mota zuwa kasuwannin Kano da Kaduna da Jos. Za a ga kwamfutocin gwanjo masu kyan gani a farashi mai daɗi, har a yi ta murna an yi tsintuwa. Mai saye ya buɗe ido. Jin cewa na'ura Core i5 ce ko Core i7 bai isa ba, sai an duba lambar da ke biye: in lambobi huɗu ne kuma ta fara da 4, 5, 6 ko 7, to galibi Windows 11 ba za ta karɓe ta ba. In kuma ka ga Windows 11 a kan irin wannan na'ura, dabara aka yi aka tsallake sharuɗɗan, kuma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin ci gaba da aika wa irinsu faci ba. Jami'in sayayyar da ya karɓi irin wannan kaya da sunan ma'aikata ya sayo wa ma'aikatarsa matsala da kuɗinta.

Ga wanda bai shirya ba akwai ɗan jinkiri na saye. Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin faci na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan Dala 30 ko ta wasu hanyoyi na kyauta ga mai asusun kamfanin. Ga ma'aikatu farashin Dala 61 ne kan kowace na'ura a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara, har iyakar shekara uku. Makarantu an yi masu rangwame sosai, Dala 1 a shekarar farko. Ma'aikata mai kwamfuta ɗari biyu ta buga lissafin Dala 61 da 122 da 244 a kuɗin Naira, za ta ga cewa haya ce mai tsada a gidan da dole a tashi daga cikinsa. Amfaninsa ɗaya ne, a samu sararin yin ƙaura cikin tsari. Birtaniya ta sayi irin wannan jinkiri a 2014, ba ta yi amfani da shi yadda ya kamata ba, mun kuma ga yadda ta kaya.

Hanyar da muke ganin an yi wa rikon sakainar kashi a wannan yanki ita ce Linux. Babbar manhaja ce ta kyauta, halal ɗinta ba sai da lasisin saye ba, kuma nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint suna tafiya lafiya lau a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, tana fitar da bugu mai dogon zango duk shekara biyu, kowanne da facin shekara biyar kyauta. Bugun Afrilun 2024 zai kai 2029. Ga ɗakin kwamfutar makaranta, ko teburin da aikinsa bai wuce rubuta wasiƙa da lissafi da shiga intanet ba, wannan ya wadatar. Jihar Kerala ta Indiya ta ɗora makarantun gwamnatinta a kan Linux, a 2019 kwamfutocin sun haura 200,000. Jandarmomin Faransa sun bi abin daki-daki: suka fara sauya manhajar rubutu a 2005, suka sauya ta shiga intanet, sai a 2008 suka fara taɓa babbar manhajar, lokacin da ma'aikata sun riga sun saba da kayan aikin. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar bin wannan hanya da kwamfutoci kusan 30,000.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Birnin Munich ya kwashe kusan shekara goma yana mayar da kwamfutoci wajen 15,000 kan Linux, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Akwai manhajojin lissafin kuɗi da na zanen gini da ba sa tafiya sai a kan Windows, akwai firintocin da za su yi gardama, akwai kuma sakataren da ya shekara ashirin hannunsa ya saba da wuri guda. Wanda ya sauya wa ma'aikata manhaja ranar Lahadi da dare ba tare da horo ba, ranar Litinin zai ga tawaye. Amma a ce wai Linux ta fi ƙarfin mutanen da suka koyi gyaran wayar salula a Farm Centre ba tare da sun shiga aji ba, wannan raini ne. Sassan nazarin kwamfuta na jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya suna yaye ɗalibai duk shekara, ga masu yi wa ƙasa hidima ana tura su ofisoshi suna zaman kashe wando. Aikin da ya dace da su ke nan.

Inda muka fi ɗora laifi shi ne yadda ake kallon kwamfuta a kasafin kuɗi. Ana sayenta kamar yadda ake sayen kujera: a ba da kwangila, a kawo kaya, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, shi ke nan har ta mutu. Mota kuwa kowa ya yarda tana da kuɗin juye da na taya duk shekara. Babu dalilin da zai sa babban sakatare ko shugaban asibiti ko shugaban kwaleji ya san yawan motocin ma'aikatarsa da ranar da inshorarsu za ta ƙare, amma bai san yawan kwamfutocinta da manhajar da ke kansu da ranar da za a daina yi mata faci ba. Waɗannan ranaku ba sirri ba ne, kamfanin na sanar da su shekaru kafin su zo: XP a 2014, Windows 7 a 14 ga Janairun 2020, Windows 10 a 2025. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ake kira idan firinta ta maƙale ba shi da ikon sa hannu a kan ko sisi, saboda haka ba shi ne zai amsa wannan tambaya ba. Muna kira ga hukumar NITDA da ma'aikatun kimiyya na jihohi su sa wannan cikin sharuɗɗan kwangila: kada a karɓi kwamfuta sai da lasisi na gaskiya, da manhajar da ke da sauran shekarun kulawa a rubuce, da sunan jami'in da zai riƙa tabbatar da cewa facin wata-wata ya shiga.

Ƙidayar kanta ba ta bukatar ɗan kwangila. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta winver, na'ura za ta faɗi abin da ke kanta. Kukan tsadar data gaskiya ne, musamman tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai dai Windows na da tsarin da kwamfuta guda za ta sauko da faci sauran na ofis su ɗiba daga wurinta, ba sai kowace ta ci nata kuɗin ba.

Za a tarar da wasu na'urorin da ba su sauyuwa ko an so, kamar kwamfutar da ke haɗe da injin hoton ƙashi ko na gwajin jini, wadda kamfanin da ya ƙera injin ya ɗaure ta da tsohuwar Windows. Irin waɗannan a cire su daga intanet, a raba su da layin sauran kwamfutocin asibiti, a hana cusa masu filashin kowa, a kuma riƙa kwafe abin da ke cikinsu zuwa rumbun da ake cirewa a kulle a durowa bayan an gama. Kwafin da aka bari a maƙale da na'ura, tare za a yi garkuwa da su.